Kiyashi a Akwatin Malam Datti

Ranar da za a raba gadon Malam Datti a Toranke aka buɗe akwatinsa, aka tarar babu takardar wasiyya. A cikinta ya bar wa makarantar Islamiyya gonarsa ta bakin rafi, wadda ɗansa Tukur ke nomawa.

Ido ya koma kan Hanne, mai gyaran kayan katako daga Gaya. Kwanakin baya gara ta ci murfin akwatin, ita aka ɗauko ta cike ramukan, ta manna takarda mai furanni, ta shafe da man sheƙi. Kafin kwana uku gidaje biyu sun aiko a mayar musu da kujerunsu. Mai aiki a ɗakunan mutane kuwa, idan aka kira ta ɓarauniya, ta gama yawo.

Hanne ta hau babur ta koma Toranke, ta ce a fito da akwatin tsakar gida. Kiyashi ta gani sun yi layi suna shiga ƙarƙashin murfi. Ta ɗaga. An manna ragowar takardarta mai furanni a ciki, alhali ita waje kaɗai ta yi wa aiki. Ta shinshina, ta juya wajen Tukur.

"Malam Tukur, ina ragowar gam?"

"Yana kan tagar zaure. Ni na ajiye shi."

Ta dubi ƙanwarsa. "Naja'atu, da kika taya ni, ina furanni ke kallo?"

"Sama. Har faɗa kika yi mini."

Saura matar marigayin, Baiwa, tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu amma ba ta ja. Hanne ta durƙusa gabanta, ita kanta tana jin nauyin abin da za ta faɗa.

"Inna, kiyashi ba ya bin gam ɗina. Wannan da garin rogo aka dama. Tukur ya san inda gam yake, ba zai hura wuta ya dama rogo ba. Furannin kuma kansu a ƙasa, Naja'atu ba za ta yi haka ba. Sai wanda idonsa ya yi rauni. Takardar tana ƙarƙashi, ko ba haka ba?"

Tsohuwa ta ajiye carbin.

"Tukur 'ya'yansa takwas," in ji ta. "Gonar nan ce cinsu. Har na kai takardar bakin murhu, na kasa. Rubutun Malam ne, da sunan Allah a sama. Na ce bari in ɓoye ta inda ba za a taka ba. Kwana uku ina ji ana cin mutuncinki, 'yar nan, na yi shiru. Wallahi ko loma ba ta wuce mini."

Tukur ya sunkuyar da kai.

Hanne ta sa bakin wuƙa, ta ɗago takardar a hankali. Wasiyyar na nan, sai dai Malam da tawadar allo ya rubuta, irin wadda ake wankewa a sha. Danshin rogo ya cinye ta tas. Babu sunan gona, babu sa hannu, sai baƙin dabbare.

Baiwa ta kai takardar dab da idonta. "Abin da na ji tsoron wuta ta yi, ni na yi shi da hannuna."

Shaidun wasiyyar biyu sun riga Malam rasuwa, kowa ya sani. Da ta ja bakinta, gona ta zauna wa ɗanta.

Ta laluba sandarta ta miƙe.

"Tukur, je ka kira liman. Ina zaune Malam ya rubuta, na ji abin da ya karanta, zan faɗa. In mun gama a ɗora ni a babur zuwa Gaya. Gidajen da suka karɓe kujerunsu, da bakina zan gaya musu wace ce ɓarauniyar."