Rinin Kan Abba

"Sau uku ke nan kina ɗaga ranar auren nan, Auta! Sau uku!"

Yana tsaye a ƙofar gidanmu da rigar aikinsa, ko wanke hannu bai tsaya yi ba. Bakanike ne, amma ni Injiniya nake ce masa. Tafiyar awa uku ya yi daga garejinsa don ya ji daga bakina.

"In kin daina sona ne ki faɗa min, zan iya ɗauka..."

"Wallahi ina sonka."

"To mene ne?"

Na sunkuyar da kai. "Rinin gashi ne."

Ya kalle ni kamar na zare. Sai na zauna a kan dakali na faɗa masa abin da na ɓoye masa tun farko.

Shekara biyu ke nan da Umma ta faɗi a banɗaki. Ta tashi, amma tunaninta ya koma baya, ya tsaya a lokacin da take amarya. Ni takan gane ni jefi-jefi. Abba kuwa, da ta ga furfurarsa sai ta ja mayafi ta ce, "Baba, wa kake nema? Maigidan ba ya nan." Mutumin da suka yi shekara arba'in tare! Sai ya fita tsakar gida ya zauna shiru.

Wata rana na sayo rini na shafa masa, don gwaji kawai. Yana shiga ɗaki ta ɗago ta ce, "Sai yanzu? Ka daɗe fa." Ranar na ga hawayen Abba.

"Ba rinin da ba ya fita ba ne?" in ji Injiniya a hankali.

"Shi ne. Launin ba ya wankewa, amma gashi ai fitowa yake. A kwali sun ce sati shida, kan Abba kuwa sati uku fari ya leƙo ta gindi, gemu ma kwana goma. Hannunsa rawa yake, ba zai iya da kansa ba. Sau ɗaya ya je shagon aski, suka mayar da shi kamar an goga masa man takalmi, har goshi. Umma ta tsorata. In na bi ka, wa zai yi masa?"

Ya shafa kansa, ya shiga motarsa ya tafi.

Kwana tara babu kira. Na ce shi ke nan, na rasa shi.

Ashe Abba ya ji mu ta taga. Ranar da na ɗauko kwano da burushi, sai ya riƙe min hannu.

"Ajiye, Autata. Na daina."

"Abba, fari ya fara fitowa! Umma za ta..."

"Na sani. Ba zan ci ƙuruciyarki don in ari tawa ba. Ko ba ta gane ni ba, ai ni na gane ta. Ki kira yaron nan."

Na durƙusa ina kuka a gwiwarsa. Muna haka aka yi sallama.

Injiniya ne, da leda a hannu. Ya gaishe da Abba har ƙasa, sannan ya zazzage ledar: safar hannu, man shafawa, rini kwali biyu, irin wanda nake saye.

"Abba, in ka yarda, yau ni zan yi."

"Kai da ka saba da kan mota?" in ji Abba.

"Na koya. Mutum uku na ɓata wa kai kafin hannuna ya faɗa. Ɗaya har yanzu ba ya amsa gaisuwata."

Abba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya cire hula.

Na tsaya ina kallon manyan yatsun nan suna shafa mai a goshin Abba da bayan kunnensa don kada rini ya kama fata. Gindin gashin kawai ya bi, bai taɓa inda yake baƙi ba. Ya duba agogo, minti talatin cif, ya wanke da ruwan sanyi.

"Ban da sabulu sai bayan kwana biyu," ya ce. "Ban da ruwan zafi, kuma in za a shiga rana a sa hula, kar ya koma ja."

"Ji min yaro," in ji Abba, "har ya fi malamarsa tsanani!"

Injiniya ya juyo gare ni. "Duk bayan sati uku za mu zo tare, masoyiyata. Ni kai, ke gemu. Kuma na yi magana da Yayarki, za ta riƙa leƙowa tsakani tana gyara gemun. Me ya sa kika ɗauki wannan ke kaɗai?"

Na share hawayena, na gyaɗa masa kai.

Abba ya shiga ɗaki, muka bi bayansa. Umma ta dube shi, fuskarta ta washe, ta matsa masa wuri a bakin gado. Sai idonta ya sauka a kan Injiniya.

"Wannan fa?"

"Mijin Auta ne," in ji Abba. "Wata mai zuwa, in Allah ya yarda."

Umma ta daɗe tana kallona. Sannan ta kamo hannuna ta sa a cikin nata.

"Auta... yaushe kika girma haka?"