Mota Ɗaya a Carbin Hajiya Ruƙayya

Akwai wata mata a garin nan, ta san kanta, wadda ba ta da aiki sai bin gidajen suna tana cewa wai da daɗin baki ɗan facin keke ya raba Hajiya Ruƙayya da 'yarta. Ƙarya take yi. Ranar da abin ya faru tana kwance a falonta tana canja tasha, ko hanyar wurin ba ta sani ba. Ga yadda aka yi.

A kicin ɗin gidansu na unguwar Sedgefield a nan Greensboro 'yar tata Jidda ta fito da maganar, wata Lahadi da hantsi, tana yanka albasa don kada a gane dalilin hawayenta. Ta ce akwai wanda yake son turo magabatansa. Sunansa Alassane, mutumin Damagaram, yana gyaran kekuna a wani shago kusa da titin Elm.

Hajiya ta ajiye muciya.

"Gyaran me?"

"Kekuna, Mami. Amma ba shi ke nan ba, yana zana taswirar hanyoyin..."

"A ina kika san mai gyaran keke?"

Dole Jidda ta faɗi abin da ta ɓoye shekara biyu: tana hawan keke da ƙawayenta na jami'a, keken ma a gidan wata ƙawa yake kwana, kuma ranar da sarƙar keken ta tsinke ta haɗu da shi.

Ba raini ba ne ya sa fuskar Hajiya ta canja. Shekara bakwai da suka wuce mota ta buge ɗanta Najib, yayan Jidda, yana kan keke a hanyar zuwa lacca. Direban bai tsaya ba. Keken na nan rataye a gareji, tayar gaba a lanƙwashe, babu mai taɓa shi. Hajiya ta ce ta binne ɗa ɗaya saboda ƙarfen nan, ba za ta aurar da 'yarta ga wanda zai mayar da ita bazawara ba, ko ya kawo mata gawarta. Ta fice ta bar tuwon a wuta.

Wata biyu Jidda ba ta sake tayar da zancen ba. Ba ta yi yaji ba, ba ta daina gaisuwa ba, sai dai ta rame. Mahaifinta, Malam Sirajo, mai koyar da lissafi a jami'a, shi ya gaji ya roƙi matarsa ta ga yaron ko sau ɗaya.

Alassane ya zo da shadda fara, baƙin man keke bai gama fita daga farcensa ba. Ya durƙusa ya gaishe su, sannan ya shimfiɗa wata babbar takarda a kan kafet. Tsaunukan Blue Ridge ne, tafiyar kusan awa uku yamma da Greensboro. Shekara huɗu yana binsu duk Asabar, yana ja wa hanyar da mota ke bi jan layi, hanyar tsakuwa ta cikin daji da aka kulle ƙofarta kuwa koren layi. Ya ce mahaya da yawa da taswirarsa suke yawo yanzu.

"Hajiya, ni ma tsoron mota nake," in ji shi. "Shi ya sa na nemi inda babu ita."

"A ƙasar nan? Ƙasar da ko burodi sai da mota ake saye?"

Ya ɗora yatsa a kan wani koren layi, ya ce mil goma sha biyu ne, bai taɓa haɗuwa da mota a kai ba. Hajiya ta dube shi ta dubi layin. Ta ce to, za ta je da kanta ta zauna a bakin ƙofar daga safe har la'asar, su kuma su hau. Idan mota ɗaya tak ta bi hanyar nan, magana ta mutu. Idan ba ta bi ba, ya turo mutanensa. Alassane ya ce ya yarda.

Asabar ta biyu ga Oktoba suka isa. Ganye ya yi ja da rawaya har saman dutse, iska mai sanyi na shiga ƙashi. Hajiya ta kafa kujerarta a gefen ƙofar ƙarfen, ta ja bargo, ta ajiye filas ɗin shayi da darduma, ta fito da carbi. Ta ce da shi za ta ƙirga motocin. Ta tura mijinta ya zama shaida.

Malam Sirajo rabonsa da keke tun yana sakandare a Kano. Ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya ɗora hular kwano a kan hularsa ta gida, ya ce wa Alassane ya rage surutu, shi ya san keke tun kafin a haife shi. Mil biyu bai cika ba ya sauka yana turawa, wai yana duba irin bishiyoyin ne.

"Abba, in tura ka?"

"Ke, tafi can. Tayar ce ba ta da iska."

Jidda ba ta taɓa ganin wuri irin wannan ba. Babu ham, babu hayaƙi, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da rafi yana gudu a hagu. Alassane na gaba, ya san kowace kwana, yana ɗaga hannu kafin rami, yana ce mata ta saki birkin gaba a gangara. Da suka kai tudun ƙarshe gajimare na ƙasa da su. Ta dube shi, ta ji alfahari har wuya: wannan da ake kira ɗan faci, dutse guda ya haddace.

A hanyar dawowa suka ji ƙugi. Wata farar a-kori-kura ta ma'aikatan daji ta ɓullo daga wata 'yar hanya, tana tafiya kamar mai jin barci. Direban ya ɗaga musu hannu, ya yi 'yar tafiya a kan hanyarsu, ya karkata ya ɓace ta ɗaya ɓangaren dutsen. Ba za ta taɓa bi ta gaban Hajiya ba.

Malam Sirajo ya cire tabarau ya shiga gogewa. Ya ce shi dai idonsa ba ya gani sosai in babu gilashi.

Jidda ta sauka daga keke. Ta roƙi Alassane ya yi shiru. Ta ce motar aiki ce, ba ta kai gudun mai tafiya a ƙasa ba, Mami ba ta gani ba, kuma ba za ta taɓa sani ba.

"Filis, Alassane. Wata biyu ina jira."

"Bon, to. In na ɓoye mata yau, duk ranar da na fita da ke na ce mata hanya lafiya, da wane baki zan faɗa?"

Ta yi kuka, ta ce ashe taswirarsa ta fi ta daraja. Ya ɗaga mata keken ya riƙe har ta hau.

Suka tarar da Hajiya ta idar da la'asar, carbin na cinyarta, fuskarta ta ɗan saki. Ta ce tun safe ko babur ba ta gani ba, sai wata barewa da 'ya'yanta. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, Alassane ya durƙusa.

"Hajiya, mota ɗaya ta bi. Ta ma'aikatan daji ce, a can sama. Ba ta nan ta shigo ba."

Hajiya ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai. Ta dubi Jidda, ta ga idanunta. Ta ɗauki carbin ta ja ƙwaya ɗaya, ta ce su tafi gida. Suka kamo hanyar Greensboro.

Mako uku Alassane bai kira ba, bai turo mai ban haƙuri ba. A wurinsa an yi sharaɗi, ya faɗi. Jidda ta yi fushi da shi kwana biyar, daga nan fushin ya koma wani abu da ta kasa ba shi suna. Ta mayar da kekenta gidan ƙawa, ta ci gaba da yi wa uwarta girki.

Ranar Juma'a ta huɗu Hajiya ta ce a kira mata shi. Ba falo ta kai shi ba, gareji ta buɗe, ta tsaya a ƙarƙashin keken Najib.

"Ranar da aka buge shi," ta ce, "motoci sun fi ashirin a mahaɗar nan. Na bi, na tambaya, na roƙa. Kowa ya ce bai gani ba. Shekara bakwai ina neman mutum ɗaya da zai ce ya ga mota." Ta share ido da bakin mayafi. "Sauke shi. Ka gyara tayar, tsawon Najib da Jidda ɗaya ne. Ka ce wa mutanenka su zo bayan Juma'a mai zuwa. Kuma koren layi kawai, ka ji ni?"

Alassane ya sauke keken. Malam Sirajo daga bakin ƙofa ya ce shi ma dama yana shirin faɗa a ranar, yaron ne ya riga shi. Hajiya ta ce ya je ya nemi gilashinsa.

An ɗaura aure a watan Afrilu. Yanzu duk Asabar ɗin da za su hau dutse, Hajiya ce ke haɗa musu filas, wani lokaci ta bi su da kujerarta. Ku 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: Jidda ta yi haƙuri ba ta tsallake uwarta ba, Alassane kuma ya faɗi gaskiya a ranar da ya san za ta raba shi da wadda yake so, gaskiyar ce kuma ta ba shi ita.

Ita kuwa mai yawon gidajen suna, da duk wanda ya gaskata ta, ƙofar dajin na nan, keken Najib na nan da sabuwar taya, Hajiya Ruƙayya ma na nan da ranta. Wanda ya isa ya je gabanta ya ce daɗin baki ne.