Inda Babu Shaho

Ranar da Chizuru ta fara shiga shagon sassaƙa hatimi na bakin kasuwar Shingu, da faɗa suka rabu da mai shagon.

Takarda ta miƙa masa mai ɗauke da sunan gidansu. Saurayin ya gyara gilashi, ya bi haruffan ukun da yatsa, don a rubutun ƙasarsu kowane harafi kalma ce.

"Ƙananan tsuntsaye suna wasa? Wannan suna ne ko waƙar yara?"

"Takanashi ake karantawa."

"Takahashi? Ai sunana ke nan. Ga irinsa can cike da kwali, zaɓi ɗaya."

Ta ji kamar ya watsa mata ruwan zafi. Tun tana firamare ake mata wannan kuskuren.

"Ta-ka-NA-shi, malam. Wato babu shaho. Inda ka ga ƙananan tsuntsaye na wasa, ai babu shaho a wurin. Mai sassaƙa suna bai iya karanta suna ba, to me kake sassaƙawa, turmi?"

"Namu dai doguwar gada, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Ba ma wahalar da jama'a."

"Ku da in an jefa dutse a tashar jirgi sai ya sauka a kan ɗayanku!"

Ta fice ta buga masa ƙofa. Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo wayarta.

"Hatiminki ya kammala. Sau uku ina sake shi don tsoron bakinki. Noboru, na gidan Gada."

Ta sha alwashin ba za ta yi dariya ba, sai ga shi ta yi. Ta mayar masa:

"Zan zo in duba, Gada. In na ga kuskure, ka rufe shago."

Babu kuskure ko ɗaya. Daga nan ya riƙa kiran ta Tsuntsuwa, ita kuma ta ƙi sakin Gada. Shekara ba ta zagayo ba sai da ya yi mata maganar aure a bakin teku, ta amsa kafin ya rufe baki.

A nan rigimar ta tashi, don doka ta ce miji da mata suna ɗaya za su ɗauka.

Baba Genzo, mahaifin Chizuru, manomin lemo ne a kan tudu, ita kaɗai ya haifa. Masu rubuta sunansu da waɗannan haruffa ba su wuce 'yan gidaje ba a duk ƙasar. Noboru kuwa ɗa ne tilo ga Mama Fumie, wadda mijinta ya rasu ya bar musu shagon.

Aka haɗa iyayen a gidan cin abinci. Shayi bai huce ba Baba Genzo ya ce, "Mai son 'yata ya shigo gidana ya ɗauki sunana. Ba na ciniki."

Mama Fumie ta ajiye kofi da ƙarfi. "Ɗan nawa kyanwa ce da za a ba ka kyauta? Wa zai kula da kabarin ubansa?"

"Baiwar Allah, ku fiye da miliyan ne. In ɗaya ya ragu wa zai lura?"

"Ni zan lura! Ka riƙe tsuntsayenka su yi ta wasa har su mutu a kan tudu."

Ta ja hannun ɗanta suka fita, kifin da aka kawo ko taɓa shi ba a yi ba.

A mota Chizuru ta ce, "Baba, ka ci mutuncinta."

"Gaskiya na faɗa. Ga Tatsuya ɗan maƙwabcinmu, na uku ne a gidansu, gobe ma zai karɓi sunan."

"Gonar zai karɓa, Baba. Ko gaisuwar kirki bai taɓa yi mini ba."

Sati biyu tsakani, Tatsuya ya shiga shagon Noboru yana taunar cingam, ya ce a sassaƙa masa hatimi da sunan Takanashi, an kusa ɗaura masa aure. Noboru ya kore shi, sannan ya rubuta mata:

"Na taya ki murna. Angonki ya zo. Da kin faɗa mini da bakinki, da ya fi."

Ta amsa:

"Har ka yarda da maganar wancan sakaran ba ka tambaye ni ba? Ashe ban da suna, mutum ma ba ka iya karantawa ba. Kada ka sake kira na."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Washegari ta iske shi tsaye a ƙofar gona cikin ruwan sama, ba ko laima.

"Tsuntsuwa, na yi wauta. Ni zan ɗauki sunanku, ko Mama ta yi fushi."

"Ka bar ta da wa? Kullum in ta gan ni ta ga ɓarauniyar ɗanta?" Ta share masa ruwan da ke gilashinsa da hannun rigarta. "Je ka gida kafin mura ta kama ka. Ka bar mini sauran."

Ranar ziyarar kaburbura ta sami Mama Fumie ita kaɗai tana goge dutsen kabarin mijinta.

"Me ya kawo ki? Uban naki ya aiko ki ki ƙarasa zagin?"

"Mama, na zo in ce na haƙura da sunanmu. Zan zama Takahashi. Baba zai yi fushi, wata rana zai huce."

"Sunan naku fa?"

"Zai tsaya a kaina."

Tsohuwar ta daɗe tana matse tsumma, ruwa ya ƙare tana ta matsawa.

"Kin san sunan gidan da aka haife ni? Watanuki. A rubuce, ɗaya ga watan huɗu. Ranar ce mutanen da can suke cire audugar rigunansu in sanyi ya wuce. Mu uku aka haifa, duk mata, duk muka yi aure. Babanmu bai ce uffan ba. Bara na koma ƙauyenmu na tambayi gidan Watanuki, ba wanda ya san inda yake." Ta harare ta. "Ke kuma kin zo kina watsar da naki kamar tsohon takalmi. Ba ki da kunya?"

Sai hawaye suka zubo wa Chizuru.

"Daina mini kuka a kan kabarin miji. Riƙe bokitin nan, ki kai ni wurin tsohon nan mai taurin kai."

A tsaye Mama Fumie ta yi wa Baba Genzo magana, ta ƙi zama. Noboru zai ɗauki sunan, amma allon shagon ba za a taɓa shi ba, kabarin ubansa yana wuyansa har abada, kuma duk sabuwar shekara a gidanta za a ci.

"Na yarda," in ji Baba Genzo, murya ƙasa ƙasa.

"Ban ji ba."

"Na ce na yarda! Kurma ce ke?"

Aka yi bikin lokacin da lemo ya nuna. Chizuru cikin fararen kaya, Noboru a gefenta yana ta gumi, suka kurɓi ƙoƙon aure sau uku uku. Ya raɗa mata, "Kin yi kyau har ina tsoron kallonki."

"Ka saba, kullum za ka gani."

A wurin walima aka ba Baba Genzo ya yi jawabi. Ya miƙe, ya ce, "Ku tsufa tare, 'ya'yana, gidanku ya cika..." sai ya tsaya yana kuka a gaban mutane kamar yaro.

Mama Fumie ta zaro hankici daga ɗamararta ta tura masa.

"Share hancinka, tsoho, kana ba mu kunya. Yanzu fa dangi muke."

Sannan ta juya ga amarya da ango, ta ƙarasa masa addu'ar da ya kasa.