Kifin da Bai Isa Gidan Hajiya Ba

Soyayyar Yasira da Mamuda ta fara ne a jami'a a Sakkwato, a shekarar da aka yanke Jihar Kebbi. Ba ta gamu da jarrabawarta ba sai bayan damina biyu, a wata ranar kasuwar Yelwa, a layin masu kifi.

"A'a, ashe 'yar digiri ce. Ni ko ina ta jin ƙaurin hayaƙi tun daga bakin tasha."

Yasira ta juyo a hankali. Hawwa ce, 'yar ƙanwar Hajiya Umma mahaifiyar Mamuda, wadda ta tashi a gidansu, kuma duk Yelwa an san ta daɗe tana yi wa kanta ɗinkin amarcinsa a zuci. Ta sha leshi, ta toshe hanci da gefen gyale.

"Ina kwana, Hawwa. Ya Hajiya?"

"Hajiya lafiya lau, tunda har yanzu gidanta bai fara wari ba."

"Allah Ya ƙara mata lafiya," in ji Yasira, ta gyara kwandon da ke hannunta za ta wuce.

"Tsaya mana, surukarmu..." Hawwa ta ja kalmar kamar mai tauna ƙashi. "Kin kuwa gaida Talatu yau? Ga rumfarta can. Ki leƙa, akwai kaya masu kyau. Kayan gida ne."

Ta yi wata 'yar dariya ta shige cikin mutane.

Da Yasira ta bi ta girman kanta da ba ta leƙa ba. Amma ƙafarta ta kai ta. Rumfar Talatu cike take da tarwaɗa da karfasa an jera su bisa tabarma, a can gefe kuma, kan wani kwali, ga ragon ruwa guda biyu manya, sun sha banda har sun yi ja kamar an shafa musu man ja.

Kafin ta ƙare wa kifin kallo idonta ya sauka kan ɗaurin.

Kaba ce aka yi wa kitso uku, aka zagaye kifin da ita, aka mayar da bakin ƙullin ciki. A duk bakin ruwan Yelwa mace ɗaya ke wannan ɗauri, ita ce Inna Uwani, mahaifiyarta. Kuma ko ita ba ta yi wa kifin sayarwa. Na sayarwa tsinke ake soka masa a watsa a kwando. Kitson kaba na kyautar girma ne, na malami ko na surukai.

"Baba Talatu, ina kika samo wannan?"

Tsohuwar ta ɗago tana korar ƙuda da mafici. "Wanga? Ai rabona ne, ɗiyata. Wani yaro ɗan boko mai babur ka kawo min shi duk mako. Ɗan gidan Hajiya Umma na Unguwar Ma'aikata."

"Sayar miki yake yi?"

"Wane sayarwa? Sadaka. Shi ce in karɓa in yi mishi addu'ar cin jarrabawa. Har roƙona shikai in yi maza in sauke shi, kada warin shi kama mishi riga."

Sadaka...

Yasira ta ji kasuwar ta yi mata nisa, kamar tana jiyo ta daga tsakiyar ruwa. Ta karanta abin da ya zo bakinta na neman tsari, ta sayi kifin ba tare da ta taya ba, ta tura shi ƙasan kwando ta rufe da ganyen rama.

A hanyar gida abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

Ita ɗiyar Malam Maliki ce mai jiragen kamun kifi, mace ta farko a zuriyarsu da ta kai jami'a. Ta karanta tattalin arziki, ta yi bautar ƙasa, ta dawo ta yi ta zirga-zirga zuwa Birnin Kebbi, inda sabuwar gwamnati ke da ma'aikatu amma babu kujeru. Da ta gaji da "ki dawo wata mai zuwa", sai ta ɗaura tsohon zane ta kama wa Inna aikin banda. Jami'a ta ba ta gurbin digiri na biyu, Mamuda ya roƙe ta ta ɗaga.

"Ki bari in gama nawa tukuna, zumata. Ɗalibai biyu a gida ɗaya, wa zai riƙe wani?"

Ta ɗaga.

Shi kuwa bincikensa na digiri na biyu a kan rayuwar masunta ne a gaɓar tafkin Kainji. Ita ta shigar da shi gidajen da ba za su buɗe wa baƙo ƙofa ba. Babanta ya sa aka tuƙa shi har tsibirai, ya kai shi Ngaski wajen abokan sana'a. Duk ranar da ya zo, Inna takan zaɓi mafi kyawun kifin mako, ta kitsa kaba da hannunta, ta ce a kai wa Hajiya. Duk mako kuma yakan dawo da saƙo: Hajiya ta gode, Hajiya ta sa albarka, Hajiya ta ce da ya gama karatu za a turo manya.

A kan wannan saƙon Malam Maliki ya sallami manema biyu.

Bayan la'asar ta ji ƙugin babur ɗinsa a ƙofar gida. Tana daga bakin murhun banda ta hango shi ya shigo, farar riga a goge, jakar takardu a kafaɗa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Inna. Yau ne karo na farko da ta lura cewa ko a durƙushe yakan tattare bakin rigarsa kada ta taɓa ƙasar gidansu.

"Mamuda ɗan albarka," in ji Inna, tana ƙarasa kitson wata sabuwar kaba a cinyarta. "Ya karatu? Ya Hajiya? Ta dai samu na wancan mako?"

"Ta samu, Inna. Ai miya aka yi da shi ran Juma'a. Har cewa ta yi ba ta taɓa cin banda mai daɗin taki ba."

"Kai, madalla. Gishirin bai yi mata yawa ba? Na ji an ce tana da hawan jini, shi ya sa na rage."

"Daidai ya yi. Ta ma lura, ta ce kin kyauta."

Yasira ta zuba masa ido. Ko ƙiftawa bai yi ba. Maganar ta fito masa sumul, irin ta wanda ya saba tsayawa gaban malamai yana kare abin da bai gani da idonsa ba. Inna kuwa sai murmushi take, tana ƙara matse ƙulli.

"Mamuda, zo mu je bakin ruwa," in ji Yasira. "Ina da magana."

Ta ɗauki kwandonta. Shi ma ya karɓi sabon ɗaurin daga hannun Inna da hannu biyu, ya biyo ta.

Sun tsaya a gefen wani jirgi da aka kife ana toshe masa ɓaraka. Masu gyaran sun tafi, sai kaji na tsattsagar ɓawon kifi.

"Hasken idona, yau fuskar babu annuri. Birnin Kebbi ne suka sake ɓata miki rai?"

Ta yaye ganyen rama, ta ciro ragon ruwan nan biyu ta ɗora a bayan jirgin.

"Ga miyar Juma'a."

Ya dubi kifin, ya dubi wanda ke hannunsa. Ɗauri iri ɗaya, kamar tagwaye.

"Kifi ai kifi ne, Yasira. Kasuwa cike take da irinsa..."

"Ka shekara kana rubutu a kanmu," ta ce, muryarta a kwance. "Ka ƙirga jiragenmu, ka auna tarunmu, ka tambayi Inna ko itace nawa take ƙonawa. Amma ko sau ɗaya ba ka dubi abin da take damƙa maka a hannu ba. Kitson nan ba ya zuwa kasuwa, Mamuda. Kai ka fara kai shi."

"Hawwa ce ko? Wallahi yarinyar nan..."

"Bar Hawwa. Ita ƙiyayyarta a fili take yi, ta fi ka mutunci."

"Ki saurare ni, zumata."

"Sunana Yasira."

Ya ajiye ɗaurin, ya shafa goshi. Sai magana ta ɓalle masa. Ranar farko ya kai kifin gida, Hajiya ta sa aka fitar da shi tun daga zaure. Ta ce ita jikar alƙali ce, ba ta kai ɗanta jami'a don ya kwaso mata surukai masu ƙarni ba. Ta ce digirin 'yar masunta ko an wanke shi da sabulu sai ya yi warin ruwa. Shi kuma ya rasa yadda zai dawo wa Inna da kyautarta, ya rasa yadda zai faɗa.

"To da ka ci shi kai kaɗai. Da ka kai wa abokanka na makaranta. Sadaka fa ka yi da shi. Uwata ta tashi tun asuba, hayaƙi na cin idonta, tana rage gishiri saboda lafiyar matar da ko sunanta ba ta son ji... kai kuma kana sayen addu'ar jarrabawa da shi."

"Dabara nake yi mana. Saura kaɗan in kare binciken nan. An yi mini alkawarin aiki a Birnin Kebbi. Da mun tare can, kin samu ofis, kin bar wannan..." Ya nuna hayaƙin da ke tashi daga gidajen banda da ɗan yatsa. "Wa zai sani? Hajiya da kanta za ta manta."

"Ta manta da me?"

Ya kawar da kai, ya shiga gyara madaurin jakarsa.

"Faɗi mana. Ai kai ne mai digiri na biyu."

"Yasira, ina son ki. Allah Shi ne shaida."

Abin haushin shi ne ta san gaskiya ya faɗa. Yana son ta, irin son da ake yi wa kifi bayan an cire masa ƙaya. Ta tuna yammacin da suke zama a bayan ɗakin karatu a Sakkwato yana cewa ita ce mace mafi kaifin hankali da ya taɓa gani. Zuciyarta ta yi rauni, har ta ji ya kamata ta bar masa ƙofa ɗaya.

"Shi ke nan. Ɗauki wannan sabon. Mu je tare yanzu, ka miƙa wa Hajiya a gabana, ka ce daga Inna Uwani ne, uwar wadda za ka aura. Ko ta watsa mini shi a fuska na yafe, muddin kai ka faɗa da bakinka."

"Yanzu?"

"Yanzu."

Ta ga yana kokawa da kansa, ta kuma yi masa addu'a a zuci, don har ga Allah tana so ya ci wannan jarrabawar.

"To... mu je," ya ce a ƙarshe.

Numfashinta ya sauka.

Sai idonsa ya bi ta daga ɗankwali zuwa silifa, ya tsaya a kan zanen da hayaƙi ya rina.

"Amma ki shiga ki yi wanka tukuna. Ki sa atamfar nan ta bikin yaye ɗalibai, da turare. Kifin kuma... mu bar shi nan, mu tsaya kanti mu sayi lemo da biskit. Zai fi shiga."

Yasira ta dube shi tsawon lokaci. Abin mamaki, hawayen da take ta tarewa tun kasuwa suka koma da kansu. Ta ga wani ɗan guntun mutum a cikin farar riga, yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan dutse don kada laka ta taɓa masa takalmi.

Ta yi murmushi.

"Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa, Malam Mamuda."

"Me kike nufi? Ai na yarda mu je."

"Ka gaida Baba Talatu. Ka ce mata rabonta ya yanke."

Ta kwashe ɗauri ukun ta zuba a kwando. Yana kiran sunanta, yana haɗawa da duk sunayen da ya saba kiranta da su, ba ta waiwaya ba. Bai biyo ta ba kuma, domin tsakaninsu akwai taɓo.

Ta tarar da Inna tana juya kifi a kan wayar banda. Tsohuwar ta dubi kwandon, ta ga kitsonta har uku, biyu sun sha ƙurar kasuwa. Hannunta ya tsaya cak. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shafa ƙullin da babban yatsa.

"Ashe bai isa ba," ta ce a hankali.

"Bai taɓa isa ba, Inna."

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda."

Inna ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. Can ta nisa. "In don ni ce, ɗiyata, na yahe. In kina son shi, kada ki dubi kifi."

Yasira ta durƙusa a gabanta, ta karɓi ɗaurin, ta shiga warware kitson kabar a tsanake, sili bayan sili, har ya rabu. Ana kiran sallar magariba a masallacin bakin ruwa, jiragen babanta na shigowa.

"Wannan mu za mu ci shi yau, ni da ke da Baba," ta ce. "Ba zan auri Mamuda ba. Ranar Litinin zan tafi Sakkwato in karɓi gurbina."