Abin da Nata'ala Ya Gani a Madubi

"Ki ce su mayar da lefen, Sailuba."

Tukunyar da take ginawa ta lotse a hannunta. Ta ɗago ta dubi Nata'ala, wanda saura mako uku a ɗaura musu aure. Ya rame, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Me na yi maka?"

Ya zauna a gindin mangwaron bayan gidansu a Kwamba, ya gaya mata komai. Aikinsa a asibiti can Zariya shi ne yanka tsokar da likitoci suka ciro, ya rina ta, ya shimfiɗa a gilashi don a duba da madubin likita. Ƙullin da aka cire masa a wuya, shi da kansa ya shirya shi. Kafin likita ya buɗe baki ya riga ya gane sankara ce.

"To, ba an cire ba?"

"Ciwon nan ba shi kaɗai yake aiki ba, ƙanwata. Aike yake yi wa naman da ke kewaye da shi. Jijiyoyin jini su miƙo su ciyar da shi, lafiyayyen nama ya buɗe masa hanya. Nawa ya riga ya yi nisa."

"Ba a iya tare aiken?"

"Wata rana za a iya... ban da zamanina."

Maganar ta watsu. Kawunta Sabo ya rantse ba za a kai 'yarsu gidan takaba ba. Rabi maƙwabciyarsu, wadda ta daɗe tana son Nata'ala bai kula ta ba, ta bi gida-gida tana cewa ciwon ana ɗauka, har mata suka daina sayen tukwanen Sailuba.

Sailuba kuwa ta je ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, da ni ce a kwance, za ka so ya zo ya kwashe kayansa?"

Washegari tsohon ya aika a sayo goron ɗaurin aure.

Da daminar 1977 aka ɗaura auren, ba kiɗa, ba taro. Wata biyar suka samu. Ta koyi dama kunu tsararo yadda zai iya haɗiya, shi kuma ya koya mata karatun boko da tsofaffin littattafansa, yana dariya in ta yi tuntuɓe, ko da dariyar na sa shi tari.

Wata Alhamis da hantsi ya ce ta ba shi ruwa. Ta je randa ta ɗebo, ta dawo ta tarar ya juya fuskarsa gabas, rai ya yi halinsa.

Ta daɗe a tsaye da moɗa a hannu. Sannan a hankali ta kira sunansa, sunan da kunya ta hana ta faɗa tun ranar da ta zama matarsa.