Madubin Malam Gide

Da Najiba ta san abin da tambaya ɗaya za ta tono, da ba ta bari Abdulƙarim ya zo Daudawa gaida kakanta ranar nan ba.

Tana laɓe bayan ƙofar zaure, hira tana daɗi. Kakan nata, Baba Kofur Inusa, wanda shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, har da dariya.

"To kai da za ka ƙwace mani amaryata, jikan wa kake a Sabuwa?"

"Jikan marigayi Malam Gide mai tireda, Baba."

Sai ta ji ƙarar sanda a ƙasa.

"Tashi ka tahi. Ba ni da ɗiyar ba ku!"

Najiba ta ruga cikin gida ta faɗa jikin kakarta, Goggo Asibi, tana kuka. Tsohon ya biyo ta yana jan ƙafarsa mai harsashi.

"Baba, mi ya yi maka? Wallahi shi nake so..."

"Tambayi wannan!" Ya nuna Goggo da sanda. "Shekarata sha bakwai na aje fartanya a gonar auduga, na tahi Zariya na ce a rubuta ni soja. Ba wanda ya sa ni. An sa mana rana da ita, na ce ta jira ni in dawo da igiya a kafaɗa. Lokacin yaƙin basasa ne, muna haye kogin Kwara aka buɗe mana wuta, jirginmu ya kife. Wata huɗu ina kwance asibiti, sunanta kawai nake kira. Ashe nan an ce na mutu, har an yi sadakar bakwai!"

"To laifina ne, Malam?" in ji Goggo.

"Waina ba ta gama hucewa ba, sai ga Gide a kan keke da kayan toshi!"

"Ka dawo na mayar masa da kayansa, gari duka shaida ne."

"Duka?"

Goggo ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali.

"Na ce duka, Asibi? Wancan madubin mai bakin kore da ke rataye ɗakinki fa? Shekara hamsin da biyar kina duba fuska a madubin Gide, kina zaton ban sani ba!"

Najiba ta daina kuka. Madubin da take kwalliya da shi tun tana ƙarama!

"Au, ka sani ka yi shiru?" in ji Goggo.

"Tsoro nake in tambaya ki ba ni amsa. Na tsaya gaban igwa ban ji tsoro haka ba."

Goggo ta matso, ta karɓi sandar daga hannunsa ta zaunar da shi kan turmi.

"Haba sojana... Gide yana ƙasa shekara goma sha biyu. Wa na haifa wa 'ya'ya tara? Ƙafar wa nake gasawa kullum? Kishin matacce zai sa ka karya zuciyar marainiya?"

Najiba ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Angona, in ka ce a'a, na haƙura. Amma ni ma jira zan yi, irin wanda ka so a yi maka."

Ya kalle ta, idonsa ya yi ja.

"Gidan Gide sai sun raba ni da mata dai..." Ya share fuska da bakin riga. "Ki ce magabatansa su zo ran Juma'a. Amma da sharaɗi: a sa madubin nan cikin kayan ɗakinki. Ya koma gidansu!"

Goggo ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, sannan ta fito da shi naɗe a zane ta miƙa wa Najiba.

An ɗaura aure bayan girbi, madubi ya tafi Sabuwa. Dalilin da ya sa Goggo ta riƙe shi shekara hamsin da biyar kuwa, ba ta faɗa ba, Baba Kofur kuma har yau bai tambaya ba.