Ƙullin Taba a Bakin Ɗankwali

Akwai wata yarinya a Unguwar Shanu, 'yar aji uku a elementare. Kai, yarinyar nan akwai son a ce ta iya! Innarta na da ciki wata bakwai, ga ciwon haƙori ya hana ta sakat.

Ran nan ta dawo daga makaranta, ta iske Inna ta tallafe kumatu tana nishi. Sai ta ruga gidan maƙwabciyarsu Safara'u.

"Ungo, kai mata," in ji Safara'u. "Garin taba ne da kanwa. Ta cusa a gefen haƙorin. Duk matan layin nan shi muke sawa, da ciki ko ba ciki."

Da ma Baba ya ce kada a ba Inna komai sai an tambayi Gwaggo Hansai, ungozomar unguwa. Amma yarinya ta ƙulle garin a bakin ɗankwali, ta kawo. Ciwo ya ishi Inna, ta karɓa ta sa.

Ba a jima ba jiri ya ɗebe ta. Ta yi amai, ta zube kusa da turmi tana riƙe da ciki.

"Wayyo Inna!" Yarinya ta sheƙa ta kira Gwaggo Hansai.

"Me ta ci?" in ji Gwaggo.

Yarinya ta ɓoye bakin ɗankwalinta a bayanta.

"Ke! Ɗan cikin nan nake jiye wa tsoro. Buɗe baki!"

Ta fashe da kuka, ta nuna ƙullin. Gwaggo ta sa Inna ta kurkure baki, ta kwantar da ita, ta ɗora hannu a kan cikin. Can sai ta ce, "Ya motsa! Alhamdu lillahi."

"Gwaggo, an ce kowa na sawa," in ji yarinya.

"Na sani, 'yar nan, masu sawa da yawa suke. Sau da yawa 'ya'yansu 'yan firit nake karɓa. Abin da uwa ta sa a baki, ɗan ciki ma ya sha. Yawan masu yin abu ba ya mai da shi magani."

Washegari Baba ya kai Inna asibiti, aka duba haƙorin.

Bayan wata biyu aka haifi Idris, ɓul-ɓul da shi. Ran suna yarinya ta durƙusa gaban Gwaggo.

"Na gode, Gwaggo. Ba zan ƙara kawo wa mai ciki komai ba sai na tambaya."

Gwaggo ta miƙa mata jaririn. "To, riƙe ƙanenki. Saura kaɗan da ba ki gan shi ba."

Idris ya damƙe yatsanta gam.